Gasar ƙwallon hannu ta mata: wa ya ɗauki kofin, ina Najeriya, kuma ko 'yan matanmu za su iya?

Malama, wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kin ce ɗalibanki mata na ƙaramar sakandare, a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, sun ga guntun bidiyo a wayar yayan ɗaya daga cikinsu: mata suna gudu da ƙwallo a hannu, suna tashi sama suna maka ta a raga, a ƙarshe aka miƙa wa 'yan Faransa kofi bayan sun doke Norwe. Sun dame ki da tambaya, ke kuma kika turo mini guda uku: wace gasa ce wannan, me ya sa ba su ga Najeriya ba, kuma ko wasa ne da za ki iya fara wa yara ba tare da iyaye sun juya miki baya ba. Na yi shekaru ina koyar da wasanni a makarantun Kano da Jigawa, na horar da yara ƙwallon hannu, na busa usur a wasanninsu, kafin in ajiye aiki in dawo gida in rungumi noma. Tambayarki ta taɓa ni inda yake mini ƙaiƙayi, don haka ki yi haƙuri da tsawon amsar.

Sunan wasan ƙwallon hannu. Ki gaya wa yaran kada su haɗa shi da ƙwallon raga da ake marawa ta saman raga, ko ƙwallon kwando. Shi wannan mutum bakwai ne a kowane ɓangare, shida a fili, ɗaya mai tsaron gida, ana yin minti 30 a huta a sake yin 30.

Yadda kika kwatanta bidiyon, wasan ƙarshe ne na gasar cin kofin duniya ta mata ta 2023. Hukumar ƙwallon hannu ta duniya, IHF, ita ke shirya gasar duk bayan shekara biyu, a ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, wato daidai lokacin da mu nan muke cikin hunturu ana ta fama da sussuka da tsinkar zoɓo. Ta 2023 ƙasashe uku maƙwabta ne suka haɗu suka karɓi baƙunci, Denmak da Norwe da Suwidin, daga 29 ga Nuwamba zuwa 17 ga Disamba. Ƙasashe 32 ne suka shiga. An raba su rukuni takwas, hurhuɗu. Ukun farko na kowane rukuni su wuce zagaye na biyu, daga nan a tace takwas su shiga matakin da duk wadda aka doke ta kama hanyar gida. A garin Herning na Denmak aka yi wasan ƙarshe, Faransa ta ci Norwe 31 da 28. Denmak ce ta zo ta uku bayan ta doke Suwidin da ci ɗaya tak. Faransa wasa tara ta buga, ta ci taran, kuma wannan ne kofinta na uku bayan na 2003 da na 2017.

Kada yaran su ji 31 da 28 su ɗauka an yi wa Norwe kaca-kaca, kamar a ƙwallon ƙafa a ce uku da nema. A wannan wasa kusan kowane minti ƙwallo na shiga raga, ci uku kuwa cikin minti biyu ana iya farke shi. Kuma Norwe ba ta bar bashin ya kwana ba. Wata takwas bayan nan, a wasannin Olamfik na Faris a 2024, su biyun suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, a ƙasar Faransar, gaban jama'arta, Norwe ta ci 29 da 21. Dama a gasar duniya ta 2021 a Sifaniya Norwe ce ta doke Faransa 29 da 22, a ta 2017 kuma a Jamus Faransa ce ta yi nasara 23 da 21. Kin ga kusan shekara goma ke nan ƙasashen biyu suna 'yar karɓe-karɓe.

Wasan ƙarshen da na fi so in ba wa yara labari shi ne na 2019 a Kumamoto ta Japan, tsakanin Holan da Sifaniya. Saura 'yan daƙiƙu a tashi, ana kunnen doki 29 da 29, ƙwallo na hannun Sifaniya. Suka harba, mai tsaron gidan Holan ta tare, ta yi sauri za ta wurga wa 'yan'uwanta, sai wata 'yar Sifaniya ta sa hannu ta tare jifar. Alƙalan wasa, wasu tagwaye mata 'yan Faransa masu suna Bonaventura, suka ɗaga mata jan kati, suka ba Holan jifar mita bakwai, wadda ita ce fenaretin wannan wasa. Lois Abbingh ta jefa, ta shiga, aka tashi 30 da 29, Holan ta ɗauki kofinta na farko. Har yau masu wasan suna gardama kan hukuncin. Ni abin da nake so yara su ɗauka a ciki shi ne, akwai doka ta musamman kan daƙiƙa 30 na ƙarshe: wanda ya hana abokin hamayya yin jifa don ɓata lokaci, hukuncinsa jan kati da mita bakwai. Wanda bai san doka ba, ko ya fi kowa ƙarfin hannu, rana ɗaya za ta kayar da shi. Sannan su lura, mata ne suka yi alƙalancin wasan mata da ya fi kowane girma a duniya a shekarar.

Tun da aka fara gasar a 1957, sau biyu kawai kofin ya bar Turai zuwa 2023: Koriya ta Kudu a 1995, sai Barazil a 2013, da ta je har Belgired ta doke masu masauki, Sabiya, 22 da 20. Rasha ta ɗauka sau huɗu tsakanin 2001 da 2009, amma ba ta cikin ta 2023 saboda dakatarwar da aka yi mata kan yaƙin Yukren.

To mu zo gida. Afirka kujera huɗu take da ita a gasar, kuma ana samun su ne ta gasar cin kofin Afirka. A wadda aka yi a Dakar a 2022, Angola ta zo ta ɗaya, Kamaru ta biyu, sai Kwango da Senegal, su huɗun nan ne suka tafi. Amsar tambayarki ta biyu ke nan a taƙaice: ba mu samu kujera ba. Amma ina so ki tsaya a kan Angola, don a nan darasin yake. Wasanta na farko a 2023 da Faransa ta buga, kuma 30 da 29 aka tashi. Ƙasar da ta zo ta ɗauki kofin duniya da ƙyar ta ƙwaci kanta a hannun 'yan Afirka da ci ɗaya. Angola ta taɓa zuwa ta bakwai a duniya a 2007, ta kai matakin ƙasashe takwas na ƙarshe a Olamfik na Riyo a 2016, kofin Afirka kuwa ta mayar da shi kamar gadon gidansu: daga 1998 zuwa 2012 babu wanda ya taɓa shi sai ita, Tunisiya ta karɓa a 2014, ta sake ƙwacewa a 2016 ta ci gaba da riƙo. Sirrin ba ɓoyayye ba ne. A Luwanda akwai manyan kulob biyu, Petro da Primeiro de Agosto, masu ɗaukar yarinya tun tana ƙarama, su horar da ita, su biya ta albashi idan ta girma, kuma shekara da shekaru su biyun ke mamaye gasar kulob-kulob ta Afirka. Idan an kira tawagar ƙasa, 'yan wasan sun riga sun san hannun juna.

Abin da ke sosa mini rai, wanda matasa da yawa ba su sani ba, shi ne mu ma mun taɓa hawa wannan matsayi. A 1991 matan Najeriya ne suka ɗauki kofin Afirka a Alƙahira, wannan ya kai su Olamfik na Basalona a 1992, cikin ƙasashe takwas kacal na duniya. Na takwas suka zo, amma sun je. A zamanin nan kusan kowace makarantar kwana ta 'yan mata da na sani tana da filin ƙwallon hannu, ana gasar gidaje a cikin makaranta, ana ta shiyya, ana ta jiha. Malamin wasanni yana da ƙima, yana da sito da kaya a ciki. Sannu a hankali filayen suka koma gonar gyaɗa ko aka gina azuzuwa a kai, darasin wasanni ya koma rubutu a allo. Har yanzu akwai gasar kulob ta ƙasa, akwai ƙungiyoyin mata irin su Safety Babes ta hukumar kiyaye haɗurra, Kano Pillars ma tana da ƙungiyar maza mai ƙarfi. Sai dai bishiya ce mai rassa a sama, saiwarta ta bushe. Idan makaranta ba ta fitar da yara, daga ina kulob zai ɗebo?

Mutane suna yawan ce mini ai Turawan nan tsawo suka fi mu da shi, da kuɗi. Kuɗi kam sun fi mu. Amma mutanen Norwe gaba ɗaya wajen miliyan biyar da rabi ne, ba su kai na jihar Kano ba. Abin da suke da shi, yarinya tana fara wasan tun tana shekara shida ko bakwai a ƙaramin kulob na unguwarsu, iyaye ne ke horarwa kyauta, kuma ba a yanke mata hanya a tsakiya. Mai tsaron gidansu a Olamfik na 2024 Katrine Lunde an haife ta a 1980, uwa ce, tana da shekara 44 ta ɗauki zinare a Faris, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar gasar. Kocinsu na lokacin, Thorir Hergeirsson, ya riƙe tawagar daga 2009 har 2024, shekara goma sha biyar mutum ɗaya yana gini a kan harsashi ɗaya. Batun jini da jiki kuwa, ki sa yaran su sake duba bidiyon da kyau. Da yawa cikin 'yan Faransar baƙaƙe ne irinmu. Kaftin ɗinsu a 2023 Estelle Nze Minko tana da tushe a Gabon, Grâce Zaadi a Kamaru, mai tsaron gida Hatadou Sako ma Senegal ta fara yi wa wasa har a gasar duniya ta 2019 kafin ta koma Faransa ta ɗauki kofi da su. Iri ɗaya ne, gonar ce ta bambanta.

Kuma ni na san hannun 'yan matanmu na karkara. Yarinyar da ta tashi tana carafke, tana wurga dutse sama ta kwashe na ƙasa ta cafe kafin ya faɗo, ta riga ta koyi abin da ake shan wahalar koya wa wasu: ido da hannu su tafi tare. Wadda ke daka tana cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, da wadda ke jan guga a rijiya mai gaba goma, kafaɗarsu ta ginu ba tare da sun taɓa shiga ɗakin motsa jiki ba. A gaɗa kuma sun koyi ƙafa da jin lokacin juna. Na taɓa samun wata bahaguwa a wata makaranta ta ƙasar Gumel, siririya, ba ta cika magana ba, wadda cikin mako uku take tashi daga ɓangaren dama ta saka ƙwallo a kusurwar da gola ba ta zata ba. Bahago a wannan wasa zinare ne, don gefen dama nasa ne, manyan kulob na duniya nemansu suke ido rufe. Ta gama aji uku, babu babbar sakandare kusa, babu kulob, babu wanda zan miƙa ta gare shi. Shi ke nan. Duk sanda na ga ana gasar duniya sai ta faɗo mini a rai.

Yanzu tambayarki ta uku, wadda ita ce mai nauyi. E, za ki iya, amma ba daga fili za ki fara ba, daga zaure za ki fara. Damuwar iyaye ba jahilci ba ce, kada ki ɗauke ta haka. Abu uku suke tsoro: sutura, idon samari, da lokacin da wasa zai ci na Islamiyya da aikin gida. Kowanne yana da amsa.

Sutura dai doka ba ta tilasta wa kowa gajeren wando ba. Matan Iran sun buga gasar duniya ta 2021 da ta 2023 da kallabi rufe da kai da wuya, riga mai dogon hannu da dogon wando. A 2021, wasansu da Norwe an yi musu ci mai yawa, amma mai tsaron gidansu Fatemeh Khalili ce aka zaɓa gwarzuwar wasan saboda ƙwallayen da ta tare. Ta fashe da kuka, 'yan Norwe suka zagaye ta suna tafa mata. Ki nemi wannan bidiyon ki nuna wa iyaye mata, gani ya kori ji. Su kansu Turawan sun yi rigimar sutura: a 2021 an ci tarar tawagar Norwe ta ƙwallon hannun rairayi Yuro 1,500 don sun ƙi sa ɗan kamfan da doka ta ce, suka sa gajeren wando, aka yi ta surutu har hukumar ta canja dokar. A wurinku, dogon wando da riga mai kaiwa gwiwa sun wadatar, da ƙaramin hijabi da za a cusa bakinsa cikin riga. Dogon hijabi kam ban yarda da shi a fili ba, don wasa ne na riƙe-riƙe, wata za ta ja shi ba da niyya ba ya shaƙe wuya. A cire fil da allura, da 'yan kunne da zobe da awarwaro, a yanke farce. Wannan ma dokar wasan ce, ba tawa ba.

Batun idon samari, a nan na taɓa yin kuskuren da har yau nake nadama. Ina sabon malami, zumuɗi ya ɗebe ni na shirya wa 'yan mata wasa a buɗaɗɗen fili bakin hanya, ranar kasuwa. Samari suka cika wurin da ihu da fito. Kafin mako ya zagayo, rabin yaran iyayensu sun hana su, kuma gaskiyarsu ce. Shekara guda na yi ina bin zaure-zaure kafin a sake yarda da ni. Ke kin fi ni sa'a, mace ce ke. Ki yi shi cikin makaranta, idan babu katanga a kewaye gefen hanya da zana ko dannin kara, 'yan kallo su zama mata da ƙananan yara. Kafin ki sayi ko ƙwallo ɗaya, ki je da shugaban makaranta wajen dagaci da liman da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ki faɗa musu abin da za a sa, inda za a yi, da wanda zai tsaya a kai. Ki roƙi wata dattijuwa da ake jin maganarta a garin ta riƙa zuwa tana zama a gefe. Zamanta kaɗai ya fi takardar izini goma. Lokaci kuwa, yammacin Alhamis ya fi, tunda yawancin Islamiyyu da makarantun allo suna hutu Alhamis da Juma'a. Da damina ki sassauta, kowa na gona. Daga bayan kaka zuwa kafin zafin bazara ya tsananta shi ne lokacinki.

Kayan aiki ba su da yawa, shi ya sa nake ganin wasan ya dace da ƙauye fiye da ƙwallon kwando mai neman siminti. Cikakken fili mita 40 ne a tsawo, 20 a faɗi, raga kuma faɗinta mita 3, tsayinta 2. Itacen turare madaidaici guda shida ya isa ragogi biyu, sai dai a binne su da zurfi don kada su faɗo kan yarinya. Layi da toka ake ja. Wanda ya fi muhimmanci shi ne na mita 6 a gaban raga, da'irar mai tsaron gida, wadda babu mai taka ta sai ita. A ɗaure igiya mai mita 6 a gindin kowane turke a zana rabin baka, a haɗa bakunan biyu da miƙaƙƙen layi na mita 3. Mai kai hari tana iya tashi sama ta ratsa cikin da'irar muddin ta saki ƙwallo kafin ƙafarta ta sauka, wannan tsallen ne ya burge ɗalibanki. A share tsidau da ƙarangiya da tsakuwa sosai, don ana faɗuwa. Ƙwallon manyan mata lamba 2 ce, kewayenta santimita 54 zuwa 56, amma ga 'yan aji ɗaya da biyu ki nemi lamba 1, wadda hannunsu zai iya damƙa. Masu kayan wasanni a Sabon Gari ta Kano suna kawowa, ki ce musu ta ƙwallon hannu kike so, kada su miƙo miki ƙaramar ƙwallon ƙafa.

Kada ki cika su da dokoki ranar farko. Uku sun isa: ba a wuce taku uku da ƙwallo a hannu, ba a riƙe ta fiye da daƙiƙa uku a tsaye, ba a taka da'ira. Ki ƙara musu da cewa ana tare mutum ta gaba ne, ture ta baya ko fisgar hannun mai jifa yana jawo a fitar da mutum na minti biyu, wadda aka fitar sau uku kuma ta gama wasan ranar. Makonnin farko jifa da cafewa kawai za su yi, biyu-biyu, sannan uku-uku suna gudu. Daga nan ki raba filin gida biyu su yi biyar-biyar a ƙaramin wuri, don kowace yarinya ta taɓa ƙwallo sau da yawa. Ki riƙa juya mai tsaron gida, kada ki jefa mai ƙiba ko mai sanyin jiki a raga don kawai a rabu da ita. Kin dai ji wadda aka zaɓa gwarzuwa a Faris, mai tsaron gida ce. Idan kin ga bahaguwa, ki ajiye ta a dama, kuma kada ki bari a tilasta mata komawa jifa da hannun dama.

Abu ɗaya nake roƙonki, saboda yarinyar can ta Gumel. Tun daga zangon farko ki nemi wata malama a makarantar 'yan mata mafi kusa da ku, ko a Ringim ko a Taura, ita ma ta fara, don yara ba sa daɗewa a wasan da babu abokin karawa. Ki kuma rubuta wa jami'in wasanni na ƙaramar hukuma da ƙungiyar ƙwallon hannu ta jiha a Dutse, su san da zamanku, ki ajiye littafi da sunan kowace yarinya da babbar sakandaren da ta wuce, don a san inda za a same ta. Idan ƙwallon ta iso kuma dagaci ya amince, ki aiko mini. Ina da igiyar awo da usur biyu a gida, zan zo wata Alhamis da safe mu ja layukan tare kafin yara su taso.